Na tura kuɗin ajiya ga shafin bogi, maigidana bai sani ba

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne hannuna na rawa. Ni matar aure ce a nan Kano, 'ya'yana huɗu, ina ɗan sayar da kayan masarufi a cikin gida, kuma ni ce uwar adashin layinmu. Ana saura mako uku a kama azumi na ga talla a Facebook da suna da tambarin wani babban kamfanin abinci da kowa ya sani, wai suna neman ƙananan diloli mata, za su ba da shinkafa a farashin kamfani, buhu naira 45,000. A ƙasan tallar na ga mutane suna ta godiya cewa kayansu sun iso. Da na yi magana sai suka mayar da ni WhatsApp, suka turo fom na cike, har da BVN da NIN da hotona. Na tura naira 450,000 kuɗin buhu goma. Washegari suka ce in ƙara 35,000 kuɗin mota, na ƙara. Daga nan suka toshe layina. Yau kwana huɗu.

Anti, 300,000 daga ciki ba nawa ba ne. Kwasar adashin maƙwabciyata ce, ta ce in ajiye mata sai bayan salla za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Na yi niyyar in juya in mayar kafin lokacin. Sauran kuma jarina ne gaba ɗaya. Na tura wa ƙanwar maigidana tallar, ita ma ta saka 90,000, har yanzu tana jiran kaya. Maigida bai sani ba, kuma ya sha hana ni ciniki ta waya. Jiya wani ya kira ni ya ce daga EFCC yake, hukumar yaƙi da damfara da almundahanar kuɗi, wai sun kama mutanen, in tura 50,000 kuɗin buɗe fayil a dawo mini da kuɗina. Ya faɗi sunana da adadin da na tura daidai. In tura masa? In gaya wa maigida, ko in nemi bashi in rufe a ɓoye? Ba na iya barci.

Wata baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya mayar miki da alheri, ya sanyaya miki zuciya.

Kada ki tura wa mutumin nan ko sisin kwabo. Da wannan na fara saboda ina tsoron kafin ki kai ƙarshen amsata ya sake kiranki. Abin da ya sa kika fara sakin jiki da shi, wato ya san sunanki da adadin kuɗin, shi ne babbar shaidar da ke kansa. Kin kai ƙara wani wuri ne? Ba ki kai ba, ko mijinki bai ji ba. To ta ina hukuma za ta san kin tura 485,000? In aka cire banki, daga ke sai wanda ya karɓa kuka san wannan adadi. Ko dai su ne suka dawo da sabon layi da sabuwar murya, ko kuma sun sayar wa 'yan'uwansu fom ɗin da kika cike, domin a wurin 'yan damfara sunan wanda ya taɓa biya haja ce mai tsada. Sun san a kwanakin farko mutum ba ya cikin hayyacinsa, duk igiyar da aka miƙo masa kamawa zai yi. In kika tura 50,000 gobe za a ce kuɗin lauya, jibi kuɗin sa hannun oga. Hukumar EFCC, tun da ta fara aiki a 2003, koke a rubuce take karɓa, tana da ofishin shiyya a nan Kano, kuma ba a biyan kuɗi don a shigar da koke. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. Ki rubuta lambar da ya kira ki da ita a takarda, za ta yi amfani wurin bincike, sannan ki toshe shi.

Abu na biyu da ba ya jira shi ne banki. Ba zan ɓoye miki ba, kwana huɗu lokaci ne mai tsawo a wannan harka. Kuɗin da aka damfara ba ya kwana wuri ɗaya. Yana faɗawa asusun farko sai a yayyanka shi zuwa wasu asusai, daga nan a cire wurin masu POS, sau da yawa kafin wanda ya tura ya gama karanta alat. Asusun da kika tura wa ma galibi ba na ainihin ɓarawon ba ne, na wani ne da aka ba 'yan canji ya ba da aron sunansa, ko wanda aka buɗe da bayanan sata. Saboda haka kada ki gina lissafinki a kan cewa kuɗin zai dawo. Duk da haka ki je, domin akan dace a tarar da saura, kuma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ki je reshen bankinki da ƙafarki, ki nemi teburin kula da abokan hulɗa, ki ce damfara aka yi miki kina so a rubuta ƙorafi a sanar da bankin da kuɗin ya shiga don su riƙe asusun. Ki tafi da rasit na turawa biyun nan. A jikin kowanne akwai doguwar lamba wadda da ita ake bin sawun kuɗi tsakanin bankuna. Kada ki goge hirarku ta WhatsApp don baƙin ciki ko don tsoron kada maigida ya gani. Ki ɗauki hotonta daga farko har ƙarshe, da hoton shafin, da lambobin wayarsu. Kuma kada ki tashi daga teburin nan sai an ba ki lambar ƙorafinki a rubuce.

Daga banki sai ofishin 'yan sanda a ba ki takardar rahoto, domin ko an riƙe asusun, galibi banki ba ya ciro kuɗi daga asusun wani ya mayar miki sai da umarnin kotu, kuma takardar 'yan sanda ce matakin farko. In mako biyu suka wuce bankinki bai ce miki komai ba, kina da damar kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Yin sojan gona da sunan wani a intanet laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma Babban Banki yana da tsarin da ake sa lambar BVN ta wanda aka tabbatar da damfara a kansa cikin jerin waɗanda ake sa wa ido. Ko ba ki samu komai ba, ƙorafinki zai iya rufe asusun da gobe wata za ta tura wa kuɗin maganin ɗanta.

Akwai tarkon da nake so ki kauce wa a daidai wannan gaɓa. Mutane da yawa in ransu ya ɓaci sai su shiga shafin banki a Facebook ko X su rubuta kukansu a fili. Cikin minti kaɗan sai wani shafi mai tambarin bankin ya amsa cikin ladabi, ya ba da haƙuri, ya ce a biyo shi ta saƙon sirri ko ta WhatsApp a warware matsalar. Waɗannan ma 'yan sojan gona ne, aikinsu kenan su zauna a ƙarƙashin shafukan bankuna suna jiran mai kuka. Maganarki da banki ta tsaya a cikin ginin banki, ko ta lambar da ke bayan katinki.

Sai batun fom ɗin da kika cike. Lambar BVN kaɗai ba ta cire kuɗi daga asusu, ki kwantar da hankalinki a nan. Haɗarinta shi ne wanda ke riƙe da ita da NIN da ranar haihuwarki zai iya kiranki ya karanto miki su tiryan-tiryan har ki rantse ma'aikacin banki ne, sannan ya ce an turo miki wasu lambobi ki karanto masa. Waɗannan lambobin na OTP su ne mukullin. Babu ma'aikacin bankin da ke da hurumin tambayarki su, haka lambar sirrin katinki, haka lambobin da ke jikin katin. Ki canza lambobin sirrinki yau, ki gaya wa banki cewa bayananki sun fita, ki tambaye su lambar da ake dannawa a waya a rufe asusu nan take in an ga motsin da ba a gane ba. WhatsApp ɗinki ma ki sa masa mukulli na biyu a cikin saituna. Duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki, ko da ya ce taron ƙungiya za a sa ki, so yake ya ƙwace layin ya roƙi danginki kuɗi da sunanki.

Na cire sunan kamfanin daga wasiƙarki da gangan, domin su ma satar sunansu aka yi. Amma na nemi shafin da kika rubuto mini na zauna na duba shi a tsanake, kuma ina so ki ga abin da na gani. Har lokacin da nake rubutun nan yana buɗe, tallar tana yawo. Tambarin na gaske ne, hotunan sito da manyan motoci ma na gaske ne, daga shafin kamfanin aka kwaso su, abin da yaro ma zai iya yi cikin minti biyar. Sunan ne aka ƙara wa 'yar kalma ɗaya a ƙarshe, wadda ido ba zai tsaya a kanta ba. Da na shiga sashen bayanin shafi, inda Facebook ke nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa, sai na tarar a da na wani shagon takalma ne, watan da ya wuce aka canza masa suna. Ke nan mabiyan da kika gani jingim ba don shinkafa suka taru ba, gadonsu aka yi, ko an sayi shafin ko an sace shi. Na buɗe uku daga cikin masu godiyar nan. Kowacce hoto ɗaya gare ta, ba dangi, ba biki, ba ta'aziyya, ba komai na rayuwar mutum. Biyu daga cikinsu jimla ɗaya suka rubuta, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Ba ki ga mai kuka a wurin ba saboda mai shafi yana da ikon goge duk maganar da bai so, ya kuma toshe mai ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tallar ta iso gare ki. Ba tsautsayi ne ya kawo ta ba. Duk rubutun da kika ga an sa wa kalmar nan “Sponsored” a ƙarƙashin suna, kuɗi aka biya don a nuna shi, kuma mai biyan yana iya zaɓar garin da yake so, da shekarun waɗanda za su gani, da ko maza ko mata. Mutane da yawa suna ɗaukar kalmar a matsayin shaida cewa Facebook ya tantance kamfanin, alhali ma'anarta kawai an biya. Wani ya zauna ya yi lissafi cewa gab da azumi akwai mata a Kano masu ƙaramin jari da ke neman inda za su sami sauƙin shinkafa da suga da mai, ya ware kuɗin talla kamar yadda ɗan kasuwa ke ware kuɗin mota. Shi ya sa ba na yarda a kira ki sakarya. Sana'arsu ce, safe da yamma ita suke yi, ke kuwa ranar kika fara haɗuwa da su.

Ko shuɗiyar alamar tantancewar nan da ake sawa kusa da sunan shafi, wadda ake cewa a duba, ba ta isa ita kaɗai ba. A watan Nuwamba na 2022, lokacin da Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta fara sayar da alamar a kan dala 8 a wata, wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magani na Amurka, Eli Lilly, ya sayi alamar, ya rubuta cewa allurar insulin ta masu ciwon suga ta zama kyauta. Dubban mutane suka yaɗa kafin kamfanin ya fito ya ƙaryata. Daga 2023 kamfanin Meta mai Facebook da Instagram shi ma ya fara ba da tasa alamar ga masu biyan kuɗin wata, ko da yake yana neman katin shaida. A nan gida kuwa babu sunan da ya tsira. An yi rabon kuɗi na ƙarya da sunan Dangote, an yi kyautar data da sunan MTN, an yi garaɓasa da sunan Jumia, an yi gwanjon motoci da shinkafa da sunan hukumar Kwastam, kuma duk sun sha fitowa suna cewa ba su ba ne. Girman suna shi ne abin da ɓarawo ke nema, domin suna ne ke sa mutum ya ajiye tambayoyin da ya saba yi.

Ke 'yar kasuwa ce, kin fi ni sanin wannan. In kika je sari kasuwar Singa kina ganin shagon da idonki, ki sa a huda buhu a zubo miki ƙwayoyi a tafin hannu, ki murza, ki shinshina, ki yi tayi, kuma kin san in an sami matsala gobe mai shagon yana nan zaune a kan bencinsa. Da wani baƙo ya tare ki a bakin kasuwa ya ce ki ba shi 450,000 zai kawo miki shinkafa gida jibi, da ko sauraronsa ba za ki yi ba. Tambari ne ya sa kika yi cinikin biri a sama. Wuri biyu ne ya kamata ƙafarki ta tsaya, kuma ina faɗa ne don gaba, da kuma don masu karatu. Na farko lokacin da aka ce ki koma WhatsApp a kan lambar wani mutum. Na biyu, wanda ya fi girma, lokacin da kika sa lambar asusun sunan wani mutum ya fito maimakon sunan kamfani. Na san abin da suke cewa, wai asusun manajan sito ne, ko na akanta, ko asusun kamfani yana da matsala yau. Babban kamfani ba ya karɓar kuɗin kaya a asusun ma'aikaci. Yana da dilolinsa masu rajista da ke ɗaukar kaya mota-mota, daga hannunsu yake gangarowa zuwa 'yan sari. Ba ya bin mata ɗaiɗai a waya yana cewa yau ce rana ta ƙarshe. Duk farashin da ya faɗo ƙasa da na Singa nesa ba kusa ba, kuma aka ce sai kin yi sauri, to ki ajiye waya ki kira wanda ya san harkar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu mu zo kan abin da ke hana ki barci, domin na san ba banki ba ne.

A kan damfara an zalunce ki. A kan ajiyar maƙwabciyarki kuwa ke ce kika yi kuskure, kuma ba zan zama mai ƙaunarki ba in na shafa miki mai a baki. Malamai sun bayyana cewa wanda aka ba ajiya, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, kamar gobara ta tashi ko ɓarayi su fasa gida, ba a ɗora masa biya. Amma in ya sa hannu ya taɓa ta ba da izinin mai ita ba, ta zama bashi a wuyansa, ko da niyyarsa ya mayar. Tun ranar da kika ɗauki kuɗin nan don ki juya, 300,000 ta hau kanki, ko shinkafar ta zo ko ba ta zo ba. Allah ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, a mayar da amana ga masu ita. Na san uwayen adashi da yawa suna yin haka har ya zama kamar ba komai ba, ana juyawa ana mayarwa ba wanda ya ji. Ranar da aka yi rashin sa'a ake gane nauyin abin. Ki nemi gafarar Allah, sannan ki nemi ta baiwar Allahn nan.

Kuma ki neme ta yanzu, kada ki bari sai bayan salla. Ki yi tunanin halin da za ta shiga in ta zo karɓa an riga an sa rana, ta yi wa kafinta alkawari, ta zaɓi gado da katifa da labule, sannan ta ji babu. In kika gaya mata a makon nan tana da kusan wata biyu ta sake lissafi, ke ma kina da wata biyu ki fara biya. Ki je gidanta da kanki, kada ki aika yaro, kada ki yi ta waya. Ki tafi da wata babba da kuke jin nauyinta ku duka. Ki faɗa mata yadda abin ya faru ba ragi ba ƙari, har da cewa ba ki nemi izininta ba, ki nuna mata rasit da takardar banki. Kada ki je hannu rabbana. In kina da 'yan kunne ko zobe na gwal, ko wani abin da za ki iya rabuwa da shi, ki sayar ki kai mata kashin farko, ko da 50,000 ne, wato kuɗin da kike shirin miƙa wa ɓarawo na biyu. Sauran ku yanka wata-wata daidai ƙarfinki, a rubuta a takarda da shaidu biyu kamar yadda Suratul Baƙara ta koyar a aya ta 282. Za ta iya yin kuka, za ta iya faɗa miki magana mai zafi, maganar za ta iya zaga layi. Ki haƙura, haƙƙinta ne. Ita ma in ta huce, mai rakiyarki za ta tuna mata aya ta 280 a wannan surar, wadda ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Littafin adashi da kuɗin zubi kuma, ni a ganina ki miƙa wa wata ta riƙe har ki gama biya. In kika yi haka da kanki kafin a nema, mutuncinki zai fi saurin dawowa.

Duk wannan ba zai yiwu a bayan idon maigidanki ba, saboda haka shi ne farko. Kin tambaye ni ko ki ci bashi ki rufe a ɓoye. A'a, ƙanwata. Wa zai ba ki 300,000 ba tare da ya ji dalili ba? In ba mutum ba, sai manhajojin bashi na waya, kuma waɗannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ruwan da suke ɗorawa yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, ga haramcin riba, kuma da yawansu suna kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, in ya makara su aika wa danginsa da surukansa saƙon cin mutunci. Abin ya kai a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas. Asirin da kike son rufewa su za su tona shi ta hanya mafi muni. Ga kuma ƙanwarsa da ke jiran kaya. Yau ko gobe za ta gaji ta tambayi yayanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma jin labarin daga bakinki daban ne da jin sa daga bakin wani.

Ki bari ya ci abinci ya huta, yara sun kwanta. Kada ki fara da kuka mai yawa har ya ɗauka mutuwa aka yi, kada kuma ki fara da kare kai. Ki ce masa: “Ina da magana mai nauyi. Ka hana ni ciniki ta waya ban ji ba, ga abin da ya same ni. Na yi kuskure, ka yafe mini, kuma ina neman ka tsaya mini.” Sai ki faɗi adadin duka a zama ɗaya, naki da na ajiya da na ƙanwarsa. Kada ki faɗi rabi yau ki bar rabi sai ya huce. Na ga gidajen da asarar kuɗi ba ta girgiza ba, amma fitowar magana kaɗan-kaɗan ta sa miji ya daina yarda da duk abin da matarsa ta ce. Zai yi fushi, yana da dalili, kuma wataƙila ya kwana biyu yana shan ƙamshi. Ki ba shi lokaci. Ke kika san mijinki. In mai zafin hannu ne, ko mai saurin furta kalmar da ba a iya mayarwa, to kada ki faɗa masa ke kaɗai, ki fara sanar da mahaifinki ko yayanki, ko wani babba a danginsa da yake jin maganarsa, a zauna tare. Kuma ki sani biyan bashin nan ba dole ba ne a kansa. In ya taimaka alheri ya yi, ki gode masa. Abin da kike nema a wurinsa da farko shi ne ya raka ki banki da ofishin 'yan sanda, ya kuma san inda kike zuwa.

Ƙanwar maigida kuwa ki kira ta da zarar kin gama da yayanta, ko dare ne, domin ita ma suna da lambarta, kuma mai kiran nan na EFCC ɗin bogi zai iya riga ki isa gare ta. Ita ma ta je nata bankin da nata rasit. A fahimtata ba ki ci amanarta ba, kin tura mata abin da ke kanki kika yarda da shi har kika zuba naki, kuma ita ta tura da hannunta. Amma zumunci ya wuce lissafin wa ke da laifi. Ki ba ta haƙuri da gaske, in Allah ya buɗa miki nan gaba ki rage mata wani abu, in kuma aka sami saɓani a kan haka ku kai wa malamin da kuka yarda da shi. Ki tuna ko akwai wasu da kika tura wa tallar, ko zauren WhatsApp na 'yan'uwa ko na islamiyya. Duk inda kika sa ta ki koma ki rubuta a fili cewa ta bogi ce kada kowa ya biya. Na san da nauyi. Amma kunyar nan ita ce jarin mutanen, da ita suke cin layi guda gida bayan gida ba wadda ta gaya wa maƙwabciyarta. Ki kai ƙarar shafin wurin Facebook ta ɗigo ukun da ke samansa, ki roƙi 'yan'uwa su ma su kai, ni na riga na kai tawa. In kin sayi wani kaya na kamfanin, ki duba jikin buhu ko kwali, akan sa lambarsu ta gaskiya, a sanar da su ana ɓarna da sunansu.

Jarinki da ya tafi, ki yi masa addu'ar da aka koya wa Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda: Allah ka ba ni lada a cikin musibata, ka musanya mini da mafi alheri. Masu sayen gishiri da magi da omo a hannunki suna nan ba inda suka je, kuma ɗan sarin da kika saba da shi shekara da shekaru zai iya ba ki kaya kaɗan ki sayar ki kawo, in kika gaya masa gaskiya. Ki ci abinci, ki samu ki runtsa, yara suna kallon fuskarki.

Daren yau maigida, sai ƙanwarsa. Gobe da ƙarfe takwas ki kasance a ƙofar banki da katin shaidarki, da rasit biyu, da wayarki cike da caji. In kin fito ki wuce ofishin 'yan sanda, da yamma ki shiga gidan maƙwabciyarki. Ki rubuto mini bayan mako biyu in ji abin da banki suka ce da yadda kuka ƙare da ita, ina jira.